Ƙahon da Bai Taɓa Ƙafar Ƙanwata Ba

Shekarar da sanƙarau ya yi yawa a Yamai, cikin tsananin zafi, aka kafa rumfar rigakafi a bakin kasuwar Lazaret. Ƙanwata, wadda ke sayar da atamfa a can, ta bi layi aka yi mata. Bayan ƴan makonni ta fara jin kamar tururuwa na yawo a tafin ƙafafunta. Daga baya suka sage, har takalmi kan suɓule mata ba ta sani ba.

Na je dubiya, na tarar mijinta, ɗan kasuwa a Wadata, ya riga ya yanke hukunci.

"Yaya, allurar nan ce ta gangaro ƙafa. Na aika wa wani wanzami a Tondibiya, zai zo ya tsaga, ya kafa ƙaho ya zuƙe ta."

Ni dai na sha allura a Abijan, Kumasi da Jidda, tun ina aikin rakiyar kaya daga tashoshin jiragen ruwa. Ko'ina na je, duk ciwon da ya biyo bayan allura ita ake ɗora wa. Amma ba na rantsewa a kanta, don na taɓa ganin wani direba a Kwatano da hannunsa ya raunana saboda an soke shi inda bai dace ba. Abin da na tabbata shi ne, a fara dubawa kafin aska.

Na sa ta a taksi muka tafi asibiti. Lokotoron wata yarinya ce ƴar Damagaram. Ta ƙwanƙwasa gwiwa da ƴar guduma, ta goga auduga a yatsu, sannan ta juyo tana yi mini bayani da Faransanci.

"Ƴata, yi da Hausa," na ce. "Ga mai ƙafar nan zaune."

Ta yi dariya, ta juya wajenta. "Inna, jijiya takan yi haka in sukari ya hau, ko jiki ya rasa wani sinadari na abinci, ko ƙashin baya ya danne ta. Wani lokaci kuma jiki ne ke kai wa jijiyarsa hari bayan zazzaɓi ko gudawa. Bayan rigakafi ma yakan faru, amma da wuya ƙwarai."

"To, nawa wanne ne?"

"Sai mun auna."

Da sakamakon awo ya fito, sukari ya ɗan hau, jini ya ɗan yi ƙasa. Ta ce ba za ta rantse a kan ko ɗaya ba tukuna. Ta rubuta magani, ta ce in sagewar ta fara hawa sama ko numfashi ya yi nauyi, a kawo ta nan take. Sannan ta ɗaure fuska: kada aska ta kusanci ƙafar nan. Rauni a ƙafar da ba ta ji, ga sukari, yana iya cin ƙafar ɗungurungum.

Na kai wa mijin saƙo. Ya taɓe baki.

"Wato duk karatun nan, ba su sani ba."

"Sun san inda ba a tsagawa, Alhaji."

Bai aika an dakatar da wanzamin ba. Ranar Juma'a da hantsi ina gidan, sai ga wanzamin, wani dattijon Bazabarme, da zabirarsa. Ƙanwata ta miƙe ƙafafu a kan tabarma, idonta a kaina. Ba za ta musa wa mijinta a gaban baƙo ba.

Na gaida shi da Zabarmanci, na tambayi mutanen bakin kogi, sannan na faɗa masa abin da lokotoro ta ce. Ya dubi maigida, askarsa a hannu. Ya yi doguwar tafiya, ga maigida ya haɗe rai. Sai na cire hula, na jawo kujera na zauna a gabansa.

"Tunda ka zo, ga kai. Aski nake so."

"Haba Yaya, wane gashi?" in ji Alhaji. "Ai sai ya yi cigiya."

Wanzamin ya tuntsire da dariya, ya nemi ruwa da sabulu. Ƙanwata ta janye ƙafafunta a hankali, ta rufe su da zane.

Har yau ba a tabbatar mana da dalili ba. Ƙafar hagu takan yi tururuwarta in an yi sanyi. Amma da ƙafafunta biyu take zuwa kasuwa.