Muryarka Ta Riga Labarin Mutuwarka Isowa, Mushe Alkasum

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mushe Alkasum, wato Malam Alkasum na Kara-Kara, ya rasu ranar Laraba, 16 ga Maris 2022. Ni Nomau, malamin kwantaragi a wani ƙauye bayan Hamdara, ban ji ba sai Asabar.

Mushe, ka san ƙauyenmu ba rezo, waya ba ta kamawa sai an hau tudu. Da na hau, saƙonni suka yi ta shigowa bi da bi. Muryarka ce ta fara zuwa, kana dariya, kana ce mini kar in rufe makaranta: "Ɗana Nomau, kar ka rufe lakwal ɗin nan. Ko yaro ɗaya ya rage, na gwamna ne, ka koya mishi." Ina tsaye ina murmushi. Na danna na gaba, sai na ji 'yarka Rakiya tana kuka, wai an kai Baba. Na sake kunna naka. Lafiyarka lau a ciki, ko tari babu. Wallahi har yanzu kaina bai ɗauka ba.

Ban taɓa ganin fuskarka ba. Birebe kawai gare ni, takardar ƙaramar sakandare, aka jefo ni nan, ajin zana, ba wanda zan tambaya. Kai ka buɗe mana gurup na malaman daji a waya, ka ce kar kowa ya rubuta, a yi magana da Hausa. Daga baya na gane don irinmu ka yi, masu jin kunyar Faransancinsu. Ran da na tambayi yadda ake koyar da lissafin rabawa, wani ya yi dariya. Ka ce: "Kai Garba, da ita aka haife ka?" Ka sa shi ya koya mini da kanshi.

Bana gero bai yi ba. Iyaye suna kwashe yara suna tafiya cin rani, ni ma na ɗaure kayana. Shi ya sa na aika maka cewa zan rufe lakwal, amsarka ce na tarar a kan tudu.

Gurup ya yi tsit, Mushe. Kowa yana jiran wani ya fara. Ni ne ƙarami, amma jiya na yi sallama, na ce Litinin zan buɗe aji. Madam Talatu, ɗaya daga cikin malaman gurup, ta amsa, sannan Garba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa abin da ka koya mana ya bi ka. Rakiya, ke da Mama da duk gida, Allah Ya ba ku haƙuri. Mu ma a yi mana gaisuwa, uba muka rasa.