Telan Mutum-mutumi

Kowa a filin gwajin motocin nan Baba Tela yake ce masa, kuma tela ne na gaske, ba na wasa ba. Tun yana saurayi yake taka keke a wani ɗan shago da ke bakin titi, da shi ya yi aure, da shi ya rene 'ya'ya maza har suka kama gabansu. Mutum ne da in ya dube ka sau ɗaya, to ya auna ka ke nan. Tef ɗin awo yana rataye a wuyansa ne kawai don kada a ce ya cika alfahari.

Sai gwanjo ya cika gari, ɗinki ya yi ƙasa. Mutumin da ya yi wa rabin unguwa sutura ya koma facin wando da gyaran zif, abin takaici wallahi. Yana cikin wannan zaman wani tsohon abokin cinikinsa ya ce masa akwai kamfani a bayan gari da ke neman tela. Ya je da murnarsa yana zaton kayan ma'aikata zai ɗinka. Ashe mutane ake so ya ɗinka.

Kamfanin motoci yake gwadawa, irin waɗanda ke tafiya babu direba. Wata matashiya da kowa ke kira Injiniya ce ta zagaya da shi. Ta nuna masa wata na'ura kamar gwangwani a kan rufin motar, tana juyawa babu hutu.

"Baba, wannan ce idonta," in ji ta. "Haske take harbawa wanda ni da kai ba ma gani. In ya bugi abu ya dawo, sai ta san nisan abin. In mutum ne a gabanta, ta taka birki ko ta kauce."

"In ba ta gan shi ba fa, 'yata?"

"Shi ya sa muka ɗauko ka. Ba za mu sa mai rai a gabanta ba tukuna."

Aka ba shi kwantena ɗaya a gefen fili, da keke, da tulin soso, da sanduna, da buhunan tsofaffin kaya. Shi zai ƙera mutum-mutumi, ya sa masa riga, ya kafa shi a kan katako mai ƙananan tayoyi. In motar ta taho, Injiniya ta ɗaga hannu, shi kuma ya ja igiya daga bayan shinge, mutum-mutumin ya shigo titi kamar mai tsallakawa. Wanda mota ta kwasa, ya ɗauko shi ya yi masa faci. Ma'aikata har suna suka raɗa musu, akwai Mai Tumbi, akwai Dogo, akwai Kawu wanda kansa ya fi na kowa saurin cirewa. Da yamma sai ka ji ana tsokanarsa, "Baba Tela, yau iyalanka sun sha kashi!" Shi kuma ya ce ai gara su, ba sa kai ƙara.

A gida ne babu dariya. Suna da 'yar auta da suka samu bayan sun fidda rai, ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yansu. Auta kawai ake ce mata. Tana da shekara shida zazzaɓi ya kwantar da ita, kafin a yi wani abin kirki Allah ya karɓi abarsa. Tun daga ranar matarsa ba ta sake furta sunan nan ba. A da Baban Auta take kiransa, sai ta koma ce masa Malam, kamar wani baƙo. Ta tattara rigunan yarinyar ta ba da, ta kawar da ɗan kofinta daga kan kantar ɗaki. Shi ma ya ja bakinsa ya yi shiru, don yana tsoron abin da zai ɓalle in ya taɓa. Haka suka zauna shekaru, suna gaisawa, suna cin abinci, kowa na haɗiye nasa.

Wata safiya Injiniya ta leƙo kwantenarsa ta ce, "Baba, manya dai motar ta iya ganinsu. Yanzu yaro muke so, ɗan shekara shida haka. A sa masa kaya masu duhu, don duhun yadi na shanye hasken, shi ne ya fi ba ta wahala."

Ya ce an gama. Ya shimfiɗa yadi, ya ɗauki alli da almakashi, yana sauraron rediyo, ko tef bai taɓa ba. Hannun tela kuwa yana da nasa tunanin. Kafin azahar ya cusa soso, ya ɗinke, ya zura wata 'yar riga shuɗiya mai duhu da ya yanka daga tsohon zani. Ya tsayar da abin a ƙasa don ya duba aikinsa.

Kanta ya tsaya daidai aljihun rigarsa, inda Auta ke cusa hannu tana neman alewa. Ya dubi kafaɗu. Ta hagu ta ɗan fi ta dama sauka, kamar faɗin yatsa. Haka aka haifi Auta, kuma duk rigar da ya taɓa ɗinka mata sai ya rage wannan kafaɗar don ta zauna daidai. Bai yi niyya ba, Allah ya sani. Ya zauna a kan buhun soso yana salati.

Ya so ya farke ta ya sake wata, amma kafin ya dawo daga salla yaran Injiniya sun ɗauke ta, sun auna ta ta kowane gefe, sun shigar da ita kwamfuta. Da ya ce a ba shi ya canza, Injiniya ta ce, "Haba Baba, ai ta yi kyau. In muka canza a tsakiyar gwaji, duk awon ya lalace. Da ita za mu yi har motar ta koya." Bai iya gaya mata dalili ba. Ta ina ma zai fara?

Ranar farko motar ta taho, Injiniya ta ɗaga hannu, ya ja igiya. Ko gezau motar ba ta yi ba, ta yi sama da mai shuɗiyar rigar, har ta faɗo can gefen kwalta hannu ɗaya a karye. Wani ya yi dariya ya ce wannan ta fi Kawu iya tashi sama. Baba Tela ya je ya ɗauko ta. Sauran a kafaɗa yake saɓa su kamar itace, ita kuwa rungumo ta ya yi a ƙirji.

Haka aka yi ta yi. Wata rana motar ta hango ta a makare, ta ja birki bayan ta riga ta buge ta. Wata rana ta ɗauke ta inuwa ce. Shi ke ɗinke ta da yamma, shi ke kafa ta da safe, kuma shi ke jan igiyar da hannunsa. Sau da yawa hannun ya ƙi, ya ja a makare, motar ta wuce fayau, a ce a sake. Injiniya ta tambaye shi ko idonsa ne ya fara rauni, ya ce ƙila. Ya rame, abinci ya daina shiga. Matarsa ta ce, "Malam, lafiya kuwa?" Ya ce aiki ne kawai.

Wata safiya ya fita a gurguje ya bar tabaransa a kan tabarma. Matar ta san ba ya iya zura allura sai da shi, don haka ta yafa mayafi ta shiga mota ta bi shi. Ba ta taɓa zuwa wurin ba. Mai gadi ya nuna mata inda za ta tsaya a bayan waya, ya ce ta jira a gama wannan zagayen.

Daga inda take, baya kawai take gani. Ta ga wata 'yar yarinya cikin shuɗiyar riga tsaye a bakin kwalta, kafaɗar hagu a ɗan sauke. Ta ga mota ta taho babu kowa a ciki. Ta ga mijinta ya sunkuyar da kai ya ja igiya, yarinyar ta shiga titi.

"Auta!"

Ihun ya cika filin. Motar ba ta jin kira, ba ta san uwa ba, haskenta kawai ta harba ya dawo mata. Amma a ranar gyaran da su Injiniya suka yi ta fama da shi ya kama. Tayoyi suka yi ƙara, motar ta tsaya cak, saura taƙi ɗaya tsakaninta da rigar. Ma'aikata suka kaure da tafi da sowa. Injiniya ta rugo da kwamfutarta tana cewa, "Baba, ta gan ta! Duba!" A kan allon ga ɗigo-ɗigon haske sun taru sun fitar da siffar yarinya, har da kafaɗar. Sai ta lura ba allon yake kallo ba, ta bi idonsa, ta ja yaranta gefe.

Matar ta ratso ta ƙofar waya, takalminta ɗaya ya cire ba ta ko waiwaya ba. Ta durƙusa a kan kwalta a gaban motar. Abin ba shi da fuska, yadi ne kawai da soso, ta gani sarai. Duk da haka ta ɗora hannu a kafaɗar hagun, ta bi facin da ke hannu da wanda ke wuya da yatsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Kullum kai kake jan igiyar?"

"Kullum."

"Tana faɗuwa?"

"Yau ne kawai ba ta faɗi ba."

Hawayenta suka yi ta zuba a kan rigar. Shi ma ya bar nasa suka zubo, a gaban yaran da ya haifi kamarsu. Can ta sa yatsa a wuyan rigar ta ɗan ja.

"Ka matse mata wuya, Baban Auta. Kullum sai na gaya maka ba ta son haka."

Ta miƙa masa tabaran. Ya sa, ya laluba aljihu ya ciro ɗan almakashinsa, ya durƙusa kusa da ita ya fara warware ɗinkin.