Jatau Mai Ban-ruwan Sabara

Jatau ɗan gidan mahauta ne a Maradun, amma bai taɓa riƙe wuƙar fawa ba. Shi ake aikawa ƙauyuka ya koro dabbobin da aka saya, kuma a wannan yawon ne ya san kowace bishiya da ke bakin gulbi. Da aka fara aikin madatsar Bakolori, saboda sanin dajin nan aka ɗauke shi. Shi ke tafiya gaban katafila yana nuna inda akwai rami ko tsohuwar rijiya. Shekara uku yana ganin ana tuge kanya da ɗorawa da giyayya, ana tara su ana cinna wuta.

Da aikin share daji ya ƙare, aka mayar da shi gidajen ma'aikata wajen Talata Mafara, ya zama mai kula da furanni. Abin da aka koya masa ɗaya ne: duk tsiron da ya fito da kansa, cire shi za a yi.

Ana nan sai ga wata malamar jami'a mai binciken tsirrai, Malama Hasana. Ta sa aka kewaye wani fili da waya bayan gidajen, ta kira Jatau.

Bayan sun gaisa sun daɗe, ta ce, "Baba, so nake mu shuka sabara da geza da kalgo a nan."

Jatau ya zaci bai ji daidai ba. "Malama, mi kika ce? Sabara? Ai jiya na cire guda shida bayan ofis."

"To daga yau idan ka cire, ka kawo nan ka dasa."

"Can ciyawa ce, nan kuma mi ce ce?"

Ta yi dariya, ta ce wata rana za a neme su a rasa. Jatau ya ce to, amma da ya koma gida ya gaya wa matarsa Shatu cewa ko dai malamar ce ba ta da lafiya, ko shi ne tsufa ya fara taɓawa.

Shi da Malama suka yi ta yawo a motarta har Bakura da Garbadu suna tono ƙananan itatuwa. Jatau ya kula da su yadda ya saba kula da furanni, ruwa safe da yamma, ga taki. Cikin wata biyu sabarar duk ta yi ruwan ɗorawa ta zube. Malama ta tona saiwar, ta ga ta ruɓe.

"Ruwa ya yi mata yawa. Ka ƙyale ta."

"In ƙyale ta? To mi ne aikina?"

"Ƙyalewar ita ce aikin."

Ya ƙyale, ran nan kuwa sabuwar da suka dasa ta kama. Wannan ya fi mutuwar ta farko damunsa. Yakan zauna gindin waya da bokitinsa babu komai ciki, yana kallon itatuwan da ba su bukatarsa.

Da ɗiyarsu Turai ta haihu, Shatu ta zo neman ganyen sabara don mai jego, domin wurin da ta saba tsinkowa ya zama gonar shinkafa. Jatau ya tare ƙofar filin, ya ce an hana taɓawa.

Shatu ta ce, "Kun ajiye ta don kar a rasa, ga shi an rasa, ka ce kar a taɓa?"

Ya je ya tambayi Malama, ta ce a ɗiba kaɗan, ban da saiwa. Daga nan mata suka riƙa zuwa, shi ke tsinkar musu da hannunsa.

Bayan shekara huɗu Malama ta koma jami'arta. Ta bar wa kowace bishiya ƙaramin allo mai dogon sunan boko. Da iskar farkon damina ta tumɓuke allunan, Jatau, wanda ajami kawai ya iya, ya tattara ya kafa kowanne inda ya ga ya dace.

Wata rana ɗalibai suka zo da littattafansu. Wani mai suna Labaran ya duba allo, ya duba ganye, ya ce wannan allon na tsamiya ne.

Jatau ya ce, "Wannan kalgo ne, tun kakana."

"To ina tsamiyar?"

Ya nuna masa. Allon da ke gindinta na aduwa ne. Suka wuni suna bin itatuwa ɗaya bayan ɗaya, Jatau na faɗin suna, ɗaliban na musanya alluna. Da la'asar aka rage da allo biyu da babu wanda ya gane na wace bishiya ne. Jatau ya ɗauke su ya jingine a ɗakin ajiyar kaya, ya tafi alwala.