Mayaƙan Dalmar Baffa

In ka taɓa riƙe dalma a tafin hannunka, ka san yadda take yaudarar ido: abu ɗan mitsitsi, amma ya ja hannu ƙasa. Wannan nauyin na ji bara a Lahodu, kwana uku bayan rasuwar Goggo, da babbar 'yarta ta miƙo mini wani tsohon gwangwanin madara naɗe cikin tsumma. Ta ce tsohuwa ta bar wasiyya a ba ni shi hannu da hannu. Tun ban cire murfin ba na san abin da ke ciki, kuma sai da na nemi gindin bango na zauna.

Mayaƙan Baffa ne. Goma sha bakwai suka rage, cikin fiye da ɗari biyu.

Bari in gaya maka ko wane ne Baffa, domin ba na jin akwai sauran wanda zai gaya maka.

Ƙauyenmu yana bakin gulbin Rima, ba nisa da Goronyo, kuma kamun kifi muka gada. Baffa ƙanen babanmu ne, Goggo ce ƙaramarsu. Kurkunu ya kama shi a gwiwa damina biyu a jere, ya bar masa ƙafar dama a sandare. Wanda ba ya iya tsayuwa cikin jirgi ba shi da abin yi a gulbi, sai aka bar masa zaure: ya ɗinke komar kifi, ya narka dalmar da ake jera wa bakin birgi, ragar nan ta jifa, don ya nutse. Matarsa ta koma gidansu tun ban yi wayo ba. Daga tukunyar Inna, mahaifiyata, yake ci, kuma ba a bari ya manta da haka.

Daga ɗigon dalmar da ke zuba ƙasa ya fara. Yakan tsince shi ya tara a ƙoƙo. Wani maƙerin zobe a kasuwar Goronyo ya taɓa nuna masa yadda ake sassaƙa siffa da kakin zuma, a lulluɓe ta da laka, a gasa har kakin ya tsiyaye, sannan a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. In ya huce sai a fasa lakar. Shi ya sa kowane mayaƙi shi kaɗai ne irinsa, babu yadda za a yi a sake fitar da shi.

Runduna biyu ya yi, kowane mayaƙi bai fi babban yatsa ba. Akwai Mutanen Tudu, maharba masu dogayen kunnuwa bisa kuraye, da wasu gajeru masu ƙaho riƙe da gatura. Akwai Mutanen Ruwa, masu kan tarwaɗa da gashin bakinta, suna hawan kada, garkuwarsu ɓawon kunkuru. Ba daga bakin kowa ya ji labarinsu ba, daga kansa suke fitowa. Fenti kuwa, ragowar gindin gwangwani yake roƙo wurin mai fentin jirage. Buroshinsa gashin gemun bunsurun Inna ne, ɗaure a kan tsinke.

Da bazara, in rana ta take har yashin gulbi ba ya takuwa, sai mu yara mu cika zaure. Baffa ya ɗora wani tsohon ƙyaure bisa duwatsu huɗu, ya baza yashi, ya shimfiɗa ƙyallen shuɗi a tsakiya ya zama gulbi. Ana watsa wuri huɗu, irin kuɗin da. Yawan waɗanda suka kwanta rigingine, yawan yatsun da mayaƙinka zai matsa. Kura ba ta ƙetare ruwa sai a mashigi. Kada a tudu rabin tafiya yake yi. Wanda aka kashe masa mayaƙi sai ya kwantar da shi ya faɗi sunansa da ƙarfi, wannan doka ce. Yaƙi ɗaya yakan kai mu daga hantsi har kiran azahar, Baffa na gefe, ƙafa miƙe, yana alƙalanci yana dariya har haƙoransa na goro su bayyana. Ban taɓa ganin yana dariya a wani wuri ba sai nan.

Ni ne na hannun damarsa, ko kuma haka na ɗauka.

Shekarar da na cika goma sha ɗaya abubuwa biyu suka haɗu. An tare gulbi da madatsa, kifi ya sauya wurin zama, su Baba suka koma kamun kifi a babban ruwan madatsar, inda itatuwa suka nutse da rassansu. Cikin wata guda birginsa biyu suka maƙale a ƙasa, da dalmarsu da komai. Sannan magana ta fara yawo a majalisa. Wasu suka ce caca ake koya wa yara a zaurenmu, tunda ga wuri ana watsawa. Wasu suka ce gumaka ne. Wani dattijo ya tambayi Baba a gaban mutane ko gidansa ne sabuwar fadar iskoki, aka yi dariya. Baba mutum ne da zai iya jure yunwa, amma ba ya jure dariya.

Ya dawo ya ce kada ya ƙara ganinsu. Baffa bai yi musu ba. Ya zuba su cikin tulu biyu, ya ce in kai su ƙarƙashin rumbun gero, can ciki inda sai da rarrafe. Shi ƙafarsa ba ta bari. Ni kaɗai na san wurin. In Baba ya tafi ruwa in fito da su, kafin ya dawo in mayar.

A kwanakin ne Baffa ya gama wanda ya fi kowa: dodo mai kai biyu bisa dorina, sarkin yaƙin Mutanen Ruwa. Wata biyu ina kallon ana yin sa, ni na riƙe masa laka, kuma a raina na gama cewa ni zan fara fita da shi. Ranar da aka ɗora shi kan ƙyaure, sai Baffa ya miƙa wa ɗan maƙwabcinmu.

"Shi yak kawo kakin zuma tun daga Boyekai," in ji shi. "Kai gobe."

Gobe kawai ya ce. Amma na tashi na bar zauren, kwana biyu ban gaishe shi ba. A rana ta uku Baba ya same ni ina wanke gora a bakin rijiya. Bai daka mini tsawa ba, bai ɗauki bulala ba. Da ya doke ni, da yau ina da abin faɗa wa kaina.

"Ina shika aje su?"

Na nuna rumbu da baki.

Bayan la'asar aka yi, a tsakar gida, kowa na gani. Ni aka sa na jawo tulunan. Baba ya juye su kan tabarma, tsibi biyu, ya ɗora kaskon ƙarfe a murhu, ya miƙo mini mafici. Baffa ya fito daga zaure yana jan ƙafa, ya tsaya dafe da bango.

"Yaya, bar min guda."

"Ko guda. Dalmata ta, gulbi za ta koma."

Goggo, lokacin tana budurwa, ta zo wucewa da ƙwaryar tsaba, ta yi tuntuɓe a bakin tabarmar, ta durƙusa tana kwashe abin da ya zube. Baba ya ce ta gusa. Shekara talatin da wani abu na yi ina zaton tuntuɓen gaskiya ne.

Dalma ba ta da wuyar narkewa. Fentin ke fara ƙonewa, hayaƙi mai ɗaci ya tashi, kore da baƙi, sannan mayaƙi ya durƙusa kamar mai gaisuwa, ya baje. Kuraye suka fara shiga. Na sassauta fifita, wutar na lafawa. Sai na ji muryar Baffa a kaina, a hankali, irin muryar da yake koya mini aiki.

"Hura wutag ga da kyau, ɗan Yaya. In za ka yi abu, yi shi duka."

Da can ba ya ce mini ɗan Yaya. Sarkin Yaƙi yake kirana.

Shi da kansa ya zuba dalmar washegari, ya jera ta a bakin sabon birgi, domin aikinsa ne. Bai taɓa tambayata dalili ba. In na gaishe shi ya amsa, in na kai masa tuwo ya ce an gode. Na yi ta jiran ya zage ni don in samu ƙofar ba shi haƙuri, bai buɗe ba. Da kaka ya ɗaure tabarmarsa ya bi motar albasa, ya samu gadin rudu, rumfunan ajiyar albasa, a wata fadama wajen Rabah. Damina biyu ya yi, tari ya kama shi. Ina makaranta aka aiko. Ko da su Baba suka isa, mutanen fadamar sun riga sun rufe shi.

To, ka ji abin da ke cikin gwangwanin nan.

Yanzu a Wurno nake, ina koyarwa a firamare, furfura ta fara fito mini. Sai da gwangwanin ya yi wata biyu a saman kwaba kafin na iya juye shi. Sun lalace. Wani farin gari ya ci jikinsu, fentin ya ɓare ya bar tabo-tabo, mashin wasu ya lanƙwashe, kada uku ba wutsiya, wani mahayi ya rabu da kansa, kan na gindin gwangwani. Dodon mai kai biyu ba ya ciki. Na sake zazzagewa sau biyu ko da na san ba ya ciki.

Na jiƙa su cikin kananzir kwana uku, na bi su ɗaya-ɗaya da tsohon buroshin haƙori, lungunan kuma da allura. Mashin da ya lanƙwashe ba a miƙe shi da ƙarfi, sai ka ɗumama shi tsakanin yatsu ka bi shi sannu. Na karya biyu kafin na koyi haka. Waɗanda suka karye na yi musu sababbi da wayar keke. Kan mahayin na mayar da gam, ya ɗan karkace, kamar mai sauraro. Na shafa musu farin fenti a ƙasa, na sayi ƙananan gwangwanaye kala biyar da buroshi mafi siriri da na samu a birni. Duk da tabarau a idona da kayan kanti a gabana, ƙwayar idon tarwaɗa ɗaya sai da na goge ta sau shida. Shi da gemun bunsuru yake ɗiga ta sau ɗaya. Shuɗin da yake sa wa Mutanen Ruwa kuwa har yau ban same shi ba. Na haɗa, na sake haɗawa, kullum ko ya yi duhu ko ya yi haske.

A cikin wani kada, da na kankare shi tas, na ga wasu siraran layuka a zagaye. Na kai shi rana. Zanen babban yatsan Baffa ne, inda ya danna kakin, laka ta ɗauka, dalma ta riƙe. Wannan wurin ban sa masa fenti ba.

Sai da na jera su a teburi na lura da wani abu. Duka goma sha bakwai Mutanen Ruwa ne. Tsibin da ke kusa da ƙafar Goggo ke nan. Ba kura ko ɗaya, ba maharbi. Runduna ce da ba ta da abokin gaba. Na gwada yin kura da kaina, na samo kaki, na gasa laka. Abin da ya fito ya fi kama da dankali. Dokokin ma rabi na tuna, kuma ɗan maƙwabcin nan da zan tambaya ya daɗe da rasuwa.

Abin da ke ci mini rai shi ne, yau ba wanda zai ɗaga kai saboda su. Majalisar da aka yi wa Baba dariya, jikokin masu dariyar ne ke zaune suna kallon dodanni a waya. 'Ya'yana sun zagaye teburin, sun ce sun yi kyau, ƙaramin ya tambaya ko suna motsi. Da na ce a'a, suka koma kan wayar uwarsu. Ba wanda ya ce gumaka, ba wanda ya ce caca. Ashe duk abin da aka kori mutum daga gidan ubansa a kai, jira kawai yake a daina damuwa da shi. Kabarinsa ma ban sani ba, kuma hanyar fadamar yanzu ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga.

Baba yana nan da rai. Tun da zaman ƙauye ya gagara na ɗauko shi, yana ɗakin da ke kusa da nawa. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi hazo. Ban yi niyyar nuna masa ba. Wata Juma'a da hantsi na baza su a tire a ƙofar ɗaki don fenti ya sha iska, sai ga shi ya fito da sandarsa. Ya laluba, ya ɗauki mahayin nan mai karkataccen kai, ya kai shi dab da idonsa. Ya daɗe yana juya shi.

"Wanga aikin ƙanena na," ya ce, fuskarsa ta washe. "Duk ƙasag ga ba a yi mai hannu irin nashi ba. Kullum ina hwaɗa ma mutane."

Ya shafa tiren da tafin hannu, daga wannan gefe zuwa wancan.

"To ina sauran? Ai sun hi haka yawa."

Na duba fuskarsa sosai, ina neman ko alama ɗaya. Ban san ko ya manta ba ne, ko so yake in taya shi mantawa. Mu biyu kaɗai muka rage cikin waɗanda suka tsaya a bakin murhun nan.

"Sun ɓace, Baba," na ce.

Ya girgiza kai, ya ce yaran yanzu ba su iya adana kaya ba. Ya miƙo mini mahayin, ya ce in kama masa hannu zuwa inuwa. Na kama.