Ƙarfen da wuta ba ta wanke ba

Idirisu maƙeri bai iya zama ba. Mu da muka yi maƙwabtaka da shi a Zango mun san shi da haka: ko a dardumar masallaci ƙafarsa rawa take yi, kamar yana taka zugazugi. Shekarar farin tamanin da huɗu kuwa abin ya ƙaru. Manoman Hamdara da Dakusa da ke sayen hauyarsa sun watse, gonaki sun ƙone, wa zai sayi hauya? Ƙarfen ma ya yi wuya. Ga Kaltuma matarsa da 'ya'ya biyar suna kallonsa.

Rannan wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya sauko daga wuraren haƙar uraniyum na arewa da tsofaffin bututu da aka zubar. Idirisu ya ba shi jakinsa, abin da ya rage masa ke nan, ya kwashe tulin. Ya ce murhu zai ƙera da gadaje ya sayar wa ma'aikatan gwamnati, tunda su albashinsu bai san fari ba. Kwana biyu yana zagaya ƙarfen nan yana shafawa.

Sai ga ƙanin Kaltuma, Mushe Tanimu, yadda muke kiran malaman boko, mai koyar da kimiyya a lise, wato lakwal ɗin sakandare. Da ya ji inda bututun suka fito, ya koma lakwal ya ɗauko wani ɗan akwati mai aunawa. Yana kara shi jikin ƙarfen ya kama ƙas-ƙas-ƙas ba tsayawa.

"Yaya, ƙarfen nan da dafi," in ji Tanimu. "Ƙurar dutsen uraniyum ta kama cikinsa. Tana fitar da wani abu da ido ba ya gani, yana cin jikin mutum a hankali. Kada a yi girki a kansa, kada a kwana a kansa."

"To ba ya ƙarewa?"

"Yana raguwa da kansa. Amma sai shekara dubbai."

Idirisu ya kwashe da dariya. "Kai yaro, boko ya lalata ka. Nono a inuwa kwana yake yi, a rana kafin azahar ya lalace. Zafi ke gaggauta komai. Ni wuta gare ni."

Gaskiya ni ma na ga hujjarsa. Mutumin da tun kakanninsa ba su taɓa ganin ƙarfen da ya gagari wuta ba, ya za ka ce masa?

Ya tara gawayinsa kaf, ya yanki bututu guda ya cusa. Ya zuga har ƙarfen ya yi ja, ya yi fari. Ya tsoma a ruwa, ruwan da Kaltuma ta yi layin rabin yini kafin ta samo. Ya aika a kira Tanimu. Akwatin ya yi ƙas-ƙas yadda ya yi jiya. Ya sake. Kwana huɗu yana wannan, ba ci ba zama, daga maƙera zuwa ƙofar lise, daga lise zuwa maƙera, idanunsa sun yi jawur. Na tausaya masa, kuma ya ba ni haushi.

Rana ta biyar Tanimu ya riƙe masa hannu.

"Yaya, don Allah bari. Nono da nama, daga waje zafi ke aiki a kansu. Wannan abin a can cikin cibiyar ƙwayar zarra yake, wutarka ba ta kai wurin. Ka sa shi a wuta, ka sa shi a randa, lokacinsa ɗaya ne. Hayaƙin kawai kake sha."

Wani dillali ya zo ya ce zai kwashe ya kai kasuwa, wa zai sani? Idirisu ya dube shi ya daɗe, sannan ya kore shi da awartaki.

Washegari ya ari amalanke ya kai bututun bayan gari, can cikin duwatsu, ya kama haƙa. Mata suka hango mutum cikin rami har wuya, suka ɗauka rijiya ce, suka taho da guga da tuluna suka jeru. Bai ɗaga kai ba. Ya zuba ƙarfen, ya rufe, ya ɗora duwatsu, sannan ya ce musu su yi haƙuri.

A satin ya kulle maƙera ya tafi Kano dako. A tasha ya jawo Tanimu gefe.

"In damina ta yi kyau na dawo, in tono?"

"A'a, Yaya."

"Jikana fa?"

Tanimu ya girgiza kai.

"To kada ka nuna wa kowa wurin," in ji Idirisu. "Ko ni na tambaye ka, ka ce ka manta."