Tulun Inna

Tun ina goye Inna ke buga tulu a zumuntar mata ta majami'armu a Zinder. Tulun ƙasa ne mai faɗin baki, ana dukan bakin da faifan soso. Dokar matan kuwa ɗaya ce: ba a wuce tulu. In ya yi sauri a yi sauri, in ya ja ƙafa kowa ta ja tata.

Da muka ce za mu ɗauki waƙoƙinmu don 'yan baya, ƙanena, malamin lakwal, wato makarantar boko, mai son na'ura kamar ransa, ya kawo ordinatar, wato kwamfuta, da mikro na ɗaukar murya ɗakin Inna. Muka jingina katifu a bango, muka kashe fanka, muka zaɓi tsakanin azahar da la'asar, lokacin da injin niƙan maƙwabta ke hutawa. Zufa dai ba a magana.

Ya zo da wani ƙwas-ƙwas da na'urar ke yi don daidaita kiɗa, ana jin sa ta wani abin sawa a kunne. Inna ta saurara kaɗan ta cire abin daga kunnenta, ta ce ita ba agogo ya koya mata kiɗa ba. Sai ya maƙala mini, tunda ni ke ba da waƙa. Na karɓa ina gunaguni, don ni ma na tsani abin.

Waƙar farko tulu da ƙwas-ƙwas suka tafi kafaɗa da kafaɗa, har ƙanena ya ji kunya. A tsakiyar ta biyu ne na ji tulun ya fara zuwa a makare. Da farko ɗan kaɗan ne, daga nan tazarar ta yi ta buɗewa. Matan ba su ji komai ba. Sun bi tulu yadda suka saba, masu kacau-kacau da masu amshi duka, waƙar tana tafiya lafiya a kunnensu. Ni kaɗai ke jin kiɗa biyu.

Aikin jinya nake yi, na kuma san hannun Inna bai taɓa makara ba ko tana zazzaɓi. Na juya na dube ta ina ci gaba da waƙa. Soson yana zamewa daga yatsunta na dama, tana ƙoƙarin riƙe shi, gefen bakinta ya ɗan sauka. Na sha ganin wannan fuska a gadon lopital, ban taɓa kawo ta a kan uwata ba. Tsoro ya kama ni har na kasa tuna baitin gaba.

Ƙanena ya ɗaga hannu zai ce a sake ɗauka. Na fizge abin kunnen na ce, "Bar na'urar nan, je ka nemo mota."

Inna ta so ta yi mini faɗan katse waƙa, amma maganar ta fito a murɗe. Nan matan suka gane. A mota na riƙe hannun nan ina matsawa, ina roƙon Allah ya sa hannun ya matso nawa ko sau ɗaya, bai matsa ba.

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma da mun jira ƙarshen waƙoƙin da labari ya sha bamban. Ta rayu, bakinta ya dawo, hannun dama kuwa bai koma tulu ba.

Bayan ta dawo gida ƙanena ya ce zai iya miƙe waƙar a ordinatar, ba wanda zai san an yi jinkiri. Inna ta ce a sa mata ita yadda take tukuna. Ta saurara tana buga gwiwa da hannun hagu. Da aka zo inda tulun ya fara ja da baya, muryoyin matan suna saukowa tare da shi, sai ta daina bugawa.

"Kada ka taɓa ta," in ji ta. "Ka ji ko ɗaya ba ta wuce ni ba."