Atamfata a masallacin Wakra

Gari bai waye ba muka bar Fagge, ni da ɗana. Korona ce ta hana ni ganin jikar da 'yata ta haifa a Doha, har yarinya ta fara gudu. Sai lokacin ƙwallon duniya hanya ta buɗe mini.

Doha kam an yi gini, titi sumul, ko leda babu. Shayinsu mai madara riyal ɗaya, ba laifi, amma shinkafarsu ba ta san yaji ba. Mai gadin gidan 'yata Bakatsine ne, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni.

'Yar tawa likita ce. Tun a mota ta miƙo mini baƙar abaya, wai nan haka ake sawa. Na ce ta ajiye abarta, ni da atamfa da mayafi na kewaye Ka'aba.

Wata rana muka je kasuwar Wakra a bakin teku, la'asar ta riske mu. A ƙofar masallaci akwai wata ma'aikaciya tana raba wa Turawa 'yan kallon ƙwallo abayar aro, su shiga su ga ciki. Tana ganina ta nuna mini layinsu. Ni, da ban bar salla ba tun kafin a haifi uwarta. 'Yata ta raɗa mini, "Inna, don Allah ki karɓa. Ita ma baƙuwa ce, faɗa za a yi mata."

Na ce, "Ba zan yi salla da kayan 'yan kallo ba. In an hana, nan bakin ƙofa zan shimfiɗa mayafina."

Sai ga wata tsohuwar Balarabiya, ta rufe hanci da wani abu mai ruwan zinare kamar bakin tsuntsu. Ta murza mayafina da yatsu, ta ji kaurinsa, ta yi wa ma'aikaciyar magana a hankali, ta kama hannuna muka shiga. Kafaɗa da kafaɗa muka yi salla. Da muka sallame ta nuna ɗaurin ɗankwalina tana dariya, na nuna hancinta ina dariya.

Mun dawo Kano lafiya, jika ta san kakarta. Abin da na gano, kowane gari gani suke tufarsu ce addini. Har ni, don da na fara hango tsohuwar nan sai da na ce a raina, wannan kuma wane irin Musulunci ne? Ga shi ita ta shigar da ni sahu.